Tarin Aro

Tungar Gawo, kusa da Tibiri
Litinin, 6 ga Janairu

Zuwa ga ɗiyata Zalihatu, madam ta lakkwal, malamar makaranta a Agadas,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lahiya, ke da yaran mutane da kike koya wa abin da ubanki ya kasa koyo. Mu nan sai godiya. Hatsi na rumbu, jaki na nan da halinsa, innarki na nan da nata.

Kin ce in daina kiranki a waya, tunda kunnena ba ya jin abin da kike faɗi, ni kuma in na yi magana har maƙwabtanki ke amsa mini. To ga takarda. Jibrilla zai ɗauki hotonta da babbar wayarsa in ya isa Tibiri inda rezon waya ke kamawa, ya aika miki. In kin amsa ya kawo mini in karanta a kan gilashin. Kin san taubashin nan nawa, tunda ya tsufa ya sayi babur yana kabu-kabu, ya tsayar da gemu, ya ɗage wando, ya zama ustaz. Amma bawana ne tun kaka da kakanni, dole ya yi mini aike.

Labarin gari shi ne mura. Ba irin wadda muka saba ba, mai zuwa ta sha majina kwana uku ta wuce. Wannan ta shigo da ɗarin bana, ta fara daga unguwar maƙera, tana bi gida gida kamar mai rabon goron gayyata, ba ta tsallake kowa. A masallaci liman na karatu, sahu na amsa masa da tari. Mun kai tsofaffi biyu makwanci cikin mako guda. Kowa ya ce kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne. Sai dai bana kwanan mutane na ƙarewa kusa da kusa.

Ni ran Alhamis ta kama ni. Zazzaɓi, ciwon gaɓoɓi, kai kamar an kifa masa turmi. Na kwanta na yi wasiyya, na bar wa Jibrilla jakin don halinsu ya zo ɗaya. Na sa innarki ta ciro likkafanin da na saya tun shekarar da aka ɗaga darajar Tibiri, muka tarar ɓeraye sun riga ni shiga. Ta ce in kwantar da hankalina, mutuwa ba za ta ɗauke ni ba, don ba ta son surutu. Kwana huɗu tana kaina: kunu, tazargade, man zafi a ƙirji, ta lulluɓe ni da zannuwanta har uku ita tana yawo da ɗaya. In na yi tari a fuskarta take, don dole ta matso ta yi mini magana a kunnen da ke aiki.

Kada ki ce za ki zo. Hanyar Tawa da za ki biyo ba hanya ba ce, azaba ce, kuma ba a barin yaran mutane don tsoho ya yi atishawa.

Innarki na gaishe ki. Ita ma ta fara ɗan tari, yau ba ta fita da kopto ba, kwaɗon zogalen da take sayarwa, amma ta ce hayaƙin murhu ne.

Ubanki Buba,
tsohon palanto, masinjan ofis, wanda ya yi aji biyar sau biyu don malamai ba su son rabuwa da shi.

*

Agadas
Talata, 7 ga Janairu

Baba,

Ina gaishe ka da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiya nake, ɗari ne kawai.

Na yi dariyar ɓerayen, amma ban ji daɗin wasiƙar ba. Na san ka. In wasa ya yi yawa a bakinka, to akwai abin da kake rufewa. Murar da ta ɗauke tsofaffi biyu a mako ba abin tazargade ba ce.

Ga abin da na yi. Akwai likitoci a Yamai da ake gani ta waya, suna kallonka kana kallonsu, su tambaye ka, su duba ka, su rubuta maka magani. Wata abokiyar aikina ta gwada da mahaifinta. Na ɗaukar maka randebu, lokacin ganawa, ran Alhamis, ƙarfe goma na safe, da wani likita Kamaluddeen, yana jin Hausa. Na sa sunanka da lambar katinka. Na yi magana da Baba Jibrilla, zai zo ya kai ka tudun gawo inda rezo ke kamawa, a wayarsa za a yi.

Don Allah Baba, ka bar barkwanci a gida. Duk abin da ya tambaye ka, ka faɗa masa yadda yake. In ya ce ka buɗe baki ka buɗe, in ya ce ka ɗaga riga ka ɗaga. Ba biro ba ne, irin ofishin gwamnatin da ka yi aiki, ba wanda zai kore ka.

Ka gaishe da Inna, ka ce ta rage tsayuwa kan murhu. Tana shan maganinta na ciwon sukari kuwa, ko ta sake ɓoye shi cikin kwalla?

Ɗiyarka,
Zalihatu

*

Tungar Gawo
Juma'a, 10 ga Janairu

Zalihatu,

Gaisuwa da sa albarka. Lahiyata lau, na warke tas tun Talata, har na cinye tuwon mutum biyu. Tuwon gwaggonki Basira ne, shi ya sa ban ce uku ba. Ita ke kawo mana yanzu, don innarki ta kwanta.

Murar ce ta tashi daga shimfiɗata ta koma tata. Zazzaɓi, tari, ga ciwo nan a haƙarƙarin dama, in ta ja numfashi sai ta dafe wurin. Turminta kwana uku bai yi magana ba, unguwa ta yi wani iri.

Yanzu ki ji dabarar ubanki, ki gane aji biyar sau biyu ya fi aji goma.

Da Jibrilla ya zo jiya na ce mata, ga likitan ɗiyarki, tashi mu je. Ta ce, "Ni Kaltume in hau tudu in buɗe ƙirji ga ɗan wani cikin gilashi? Je ka karɓo mini kamar yadda ka saba." Ko ta yarda ma, daga gado zuwa bakin ƙofa sai da ta huta sau biyu, ina ga babur cikin yashi. Kuma gaskiyarta. Shekara arba'in, in ba ta da lahiya ni ke zuwa wurin mai magani, in ce ga abin da ke damunta, a ƙulla a ba ni in kawo. Ko ke da magani na aike aka haife ki.

Sai dai takardar sunana ke kai. Kin ce ba biro ba ne. Ɗiyata, duk inda aka nemi lambar kati biro ne. Shekara goma sha ɗaya ina zaune bakin ƙofar biro a Dogon Dutsi, na ga wanda ya yi tafiyar kwana biyu aka ce ya koma, don ba mai sunan ne ya zo ba. In na ce wa likita ba ni ba ne, matata ce, sai ya ce a sake takarda, a sake rana, ke ki ji kunya, ita ta rasa magani. Sai na ce to, suna nawa, ciwo nata, mu haɗa su.

Jibrilla ya ce, "Buba, wannan ƙarya ce, ƙarya kuwa haram." Na ce masa ba ƙarya ba ce, wakilci ne, ko aure da wakili ake ɗaurawa. Ya ce astagfirullah, ya riƙe mini wayar.

A hanya na yi ta gwajin tarinta. Tarin innarki hawa biyu ne. Na farko daga can ƙasa yake fitowa kamar guga ya bugi gindin rijiya, sai wani siririn kuka ya biyo shi, irin na ƙofar langa-langa. Kafin mu kai gawon na iya shi, har Jibrilla ya waiwaya.

Likitan yaro ne mai tabarau da ladabi, Hausarsa ta Damagaram. Ya ce Baba ina ke ciwo. Na ba shi duka: zazzaɓi kwana uku, tari, haƙarƙari. Na yi masa tarin. Ya ce in sake. Na sake, har ya fi na farko kyau. Na ga fuskarsa ta canza, na ce a raina yau za a rubuta magani mai ƙarfi.

Daga nan ya ɓata mini shiri. Ya sa na ɗaga riga, na zauna shiru, yana kallon ƙirjina yana kallon agogonsa. Ya ce goma sha shida a minti, madalla. Ya sa na taka zuwa gindin gawo na dawo, ya sa na ƙirga daga ɗaya zuwa ashirin ba hutawa. Na yi masa da Faransanci don ya san da wa yake magana. Ya duba leɓena, ya duba faratana. Ya ce kakin wane launi. Innarki cikin toka take tofawa ta rufe, ban taɓa gani ba, sai na ba shi launin nawa, na ce fari. Ya tambaya ko ina da ciwon sukari. Na ce a'a. Sai da muka sauko na tuna ba ni ake tambaya ba. To amma ai ni ake tambaya.

Ya ce tarin bai yi masa daɗi ba, amma jikin da yake gani jikin mai warkewa ne. Mura ce. Parasetamol, ruwa da yawa, hutu. Ya ce abu uku, in na ga ko ɗaya in tafi asibiti a ranar, ba gobe ba: numfashi da sauri, leɓe ya yi duhu, ko sambatu. Zai sake nemana bayan mako biyu.

Na kawo mata maganin, ta sha, ta ce wannan ai a teburin masu sai da magani na Tibiri ma akwai shi. Na duba abubuwa ukun. Numfashinta da sauri, amma innarki komai nata da sauri ne. Leɓe kuwa, shekara arba'in na goro, wa zai gane launinsa? Sambatu babu, sai faɗa, kuma faɗan daidai yake fitowa.

Kada ki zo. Jibrilla zai tafi da takardar nan cikin aljihu. Shi ma yana ta jan hanci, na ce masa alhakina ne.

Ubanki,
wakilin marasa lahiya na Tungar Gawo.

*

Agadas
Asabar, 11 ga Janairu

Baba,

Barka da arziki. Likita ya aiko mini da sakamako a wayata, na karanta sau uku. Numfashi goma sha shida, leɓe lafiya, ka yi tafiya ba haki, babu alamar haɗari. Har ya ƙara da cewa majinyacin ya ƙirga masa da Faransanci. Kai Baba, ba ka ji.

Jiya ce rana ta farko da na ci abinci da daɗi. Na riga na rubuta takardar neman izinin tafiya, yanzu na yage ta. Sai bakansi, in an yi hutun makaranta, in Allah ya kai mu.

Ban sami amsarka ba tukuna, wayar Baba Jibrilla kuma ba ta shiga. Ina jin rezo ne. Ka ce wa Inna na gode da jinyar da ta yi maka, ita ce likitan gaske. Na saya mata turmin atamfa mai ruwan ganye, kada ka faɗa mata.

Zalihatu

*

Agadas
Litinin, 13 ga Janairu

Baba,

Yanzu wasiƙarka ta Juma'a ta shigo. Baba Jibrilla na kwance a Tibiri tun ranar, ko zama ba ya iyawa, yau matarsa ta ga takardar cikin rigar da za ta wanke.

Ban san ta inda zan fara ba. Duk abin da na yi murna da shi ran Asabar naka ne. Inna ba wanda ya duba ta.

Ka saurare ni, ba wasa. Na kira likitan, ba ya aiki yau, na sami wata abokiyar aikinsa na karanta mata wasiƙarka. Ta ce mace mai shekara sittin, mai ciwon sukari, da zazzaɓi da ciwon haƙarƙari, wadda ba ta iya kaiwa bakin ƙofa, a kai ta asibiti yanzu. Ta ce tun ran Alhamis ya kamata. Mura na sauka cikin huhu, kuma ga mai sukari ba ta jira.

Ka ɗauki agogonka na biro, ka ƙirga numfashinta minti ɗaya yadda aka yi maka. In ya kai talatin kada ka tsaya neman kowa. Ko bai kai ba, ka ɗauke ta. In ta ƙi, ka ce ni na ce, ka ce zan yi fushi, ka ce duk abin da ka ga dama.

Na kira ƙaramar wayarka ya fi sau ashirin, na san tana rataye a ƙusa inda babu rezo. Na roƙi matar Baba Jibrilla ta nemi mai zuwa Tunga, ta ce masu babur rabinsu na kwance, za ta gwada. Direktan makarantarmu ya yi tafiya, sai gobe da yamma zan sami izini. Zan hau kar ɗin Laraba, babbar motar fasinja.

Allah ya sa wani ya kai maka wannan.

Zalihatu

*

Tungar Gawo
Talata, 14 ga Janairu, da hantsi

Zalihatu,

Ina gaishe ki. Ban san ranar da za ki ga wannan ba. Jibrilla bai zo ba tun Juma'a, an ce murar ta kayar da ustaz. Ba ni da labarinki, ke ma ina jin ba ki da nawa. Ina rubutu ne kafin a gama ɗaure ƙafar amalanke, don hannuna ya sami abin yi.

Shekaranjiya mun kai na uku makwanci, Malam na bakin kasuwa. Masu haƙa sun ce ƙasa ta yi musu laushi bana, ba ta gardama.

Maganin ya ƙare jiya. In ta sha zazzaɓin ya sauka, ya je ya sha ruwa ya dawo. Gwaggonki Basira ta ce ba mura ba ce, doguwar tsamiyar rijiya ce, innarki ta ɗebi ruwa da tsakar rana ba ta yi sallama ba. Ta turara ɗaki, ta ce a aika Lugu wurin masu bori. Na ce mata doguwar da ta kama liman da maƙera da ustaz mai babur, ai sai a ba ta sarautar gari. Ba ta yi dariya ba. Ni ma ban ji daɗin maganar a bakina ba.

Yau da safe na shiga da kunu na tarar tana hira. Da uwarta take yi, kakarki da ta rasu kina goye. Tana ce mata gyaɗar ba ta bushe ba, a bari sai gobe. Ta dube ni ta ce, "Baƙo, mai gidan ya fita."

Na ajiye kunun. Na ciro agogona na biro, mai allurar nan mai gudu. Na zauna bakin gado na fara da kaina, don in tabbata na iya. Goma sha shida, kamar yadda yaron ya ce. Sai na kalli zanen da ke ƙirjinta yana hawa yana sauka. Talatin da shida. Na ce agogon ya tsufa. Na sake, talatin da takwas. Na sake, na bari a tsakiya.

Na jawo kaskon tokar na tona da tsinke. Launin tsatsa ne. Na ɗaga hannunta wajen hasken ƙofa, faratan sun yi kamar an shafa musu baban rini. Goro ba ya zuwa farce, Zalihatu.

Yaron nan bai yi kuskure ba. Ƙirjin da aka kai masa shi ya auna. Abu uku ya ce in na ga ɗaya. Na ga ɗaya tun ran Alhamis na ba shi amsa, na ga na biyu na ba shi amsa. Kin san ubanki bai taɓa rasa amsa ba.

An gama amalanken. Mun shimfiɗa katifa da bargo, Basira za ta riƙe kanta, ni in ja jaki. In bai yi halinsa ba, mu kai Tibiri kafin la'asar. Da muke ɗaga ta hankalinta ya dawo kaɗan. Ba ta yi gardamar tafiya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta dube ni ta daɗe, ta ce, "Yau ka yi shiru. Lallai abin ya kai."

Buba

*

Asibitin Dogon Dutsi
Laraba, 15 ga Janairu

Zalihatu,

Majo, babban ma'aikacin asibitin Tibiri, bai sauke ta daga katifar ba ma, ya sa mu cikin ambilans zuwa nan. An sa mata bututun iska a hanci, da ruwa a hannu. Sun ce huhu biyun ne, kuma sukarin ya hau sosai. Suna iyakar ƙoƙarinsu, na gani da idona.

Matar Jibrilla ta kawo mini wayar a Tibiri, na karanta wasiƙunki biyu a tsaye. Ta murnar na fara karantawa.

Likitan nan ya tambaye ni kwana nawa tana haka. Na ce tara. Ya ce ba wanda ya gan ta? Na ce an ga wakilinta. Bai gane ba, ban ƙara ba.

Sau biyu na rubuta miki kada ki zo. Ki zo. In akwai abin da ya fi kar ɗin nan sauri, ki hau.

Baba

*

Tungar Gawo
Alhamis, 27 ga Fabrairu

Ɗiyata Zalihatu,

Ina gaishe ki, ina miki fatan lahiya, da fatan azumin da ke tafe ya same ki da ƙarfi. Ni lahiyata lau. Abin kunya ne yadda nake lahiya.

Shekaranjiya aka yi sadakar arba'in ta innarki. Mutane sun zo har daga Dogon Dutsi, rabinsu masu cin koptonta ne. Atamfar mai ruwan ganye da kika bari, na ba Basira kamar yadda kika ce. Ta ƙi ɗinkawa, ta sa a kwalla.

Kin iso ran Alhamis, washegarin wasiƙata ta asibiti, da la'asar, mu kuwa mun dawo daga maƙabarta tun azahar. Kin yi kwana bakwai a gidan nan, kin dafa mini, kin wanke mini, kin ce Baba ga ruwa, Baba ga tuwo. Ba ki dube ni ba ko sau ɗaya. Ban ce kin yi laifi ba. Na so in yi magana, amma maganar ba ta ihu ba ce, ni kuwa ban iya wata ba. Shi ya sa na jira ki koma inda takarda za ta same ki.

Liman ya ce kwana ne ya ƙare. Jibrilla ma haka ya ce, sai dai yana faɗi yana kallon ƙasa, don shi ya riƙe wayar. Tun da ya tashi bai ce mini bawa ba, ni ma ban ce masa ba. Muna gaisawa kamar surukai. Na yarda kwana ne. Amma na san wanda ya hau tudu ran tara ga wata, na san kuma abin da ya je yi.

Yaron nan, likita Kamaluddeen, ya cika alkawari. Ya yi ta neman wayar Jibrilla tun kina nan, ni na ƙi hawa tudun. Makon jiya na hau. Na ɗauka zai yi mini faɗa, har na shirya wuyana. Abokiyar aikinsa ta riga ta gaya masa komai, sai dai bai san ƙarshen ba. Ya ce, "Baba, yaya mai jikin?" Na gaya masa. Ya cire tabarau, ya daɗe yana goge su. Ya ce da na faɗa masa ranar, ba zai kore ni ba, ba ya bukatar wata takarda, da cewa kawai zai yi in sauka in ɗaura amalanke. Ya ce shi ma ya ji tarin, ransa bai kwanta ba, ya bi ido ya bar kunne. Ya tambayi sunanta. Na ce Kaltume. Na ga ya rubuta. Ita ke nan takardar da ta samu a wurinsa.

Yanzu in mutum ya ce zai je karɓo wa matarsa magani, ina tare shi a hanya in ce ya koma ya ɗauko ta. Suna cewa Buba ya taɓu. Biyu sun ji, sauran sun yi dariya, sun ɗauka sabon wasa ne. Wanda ya shekara sittin yana ba mutane dariya, ranar da ya zo da gaskiya ba shi da kwanon zuba ta.

Ba na roƙon ki amsa da wuri. In kin amsa, Jibrilla zai kawo.

Abu ɗaya ya rage, ke kaɗai zan faɗa wa. Gidan ya yi shiru da yawa. Babu turmi, babu faɗa. Na nemi muryarta a kaina, kunnen nan ya cuce ni, ba ta zuwa daidai. Amma tarin nan nata har yanzu na iya shi, hawa biyun duka, da kukan ƙofar a ƙarshe. Jiya da hantsi ina zaune bakin gadonta na yi shi sau ɗaya. Basira na tsakar gida tana tankaɗe. Ta saki rariyar, ta shigo da gudu, da gari a hannunta har gwiwa, tana cewa, "Kaltume?"

Ubanki,
Buba